Littafin juyen Mustang ɗin Yaya, Gombe

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Da hantsi motar Yaya ta iso Gombe a bayan tirela daga Legas. Ford Mustang GT ce ƙirar 2024, baƙa wuluk, ledar kujeru ma ba a cire ba. Kafin a gama kwance sarƙoƙi yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Mita na nuna mil 58, wato kilomita 93. Abin da na fara yi bayan an sauke ta shi ne na shiga saitin allo na mayar da lissafin zuwa kilomita, domin na sha ganin motocin Amurka da wannan ya cuta a garejinmu: mai mota ya ga ta ci 5,000 tun juyen baƙin mai na baya, ya ɗauka kilomita ne, alhali ta ci 8,000.

Yaya ya miƙo mini makulli ɗaya ya ce, "Auta, ni tuƙi kawai na iya. Cikinta amanarka ce." Shekarata tara a gareji, amma ban taɓa riƙe mota tun tana sabuwa dal ba. Duk wadda aka kawo mana ta riga ta sha hannu, ba wanda ya san abin da aka zuba mata a Kwatano ko kafin Kwatano. Wannan kuwa ba digon man da zai shiga cikinta ban sani ba, shi ya sa na sayi littafi mai layi zan riƙa rubuta komai.

Bayan isha'i na zauna da littafin motar. Injinta lita 5.0 ne, mai fulogi takwas, ƙarfin doki 480, an haɗa ta a Flat Rock da ke jihar Mishigan. Baƙin mai 5W-30 take sha, lita tara da rabi har da filta. Tana da kwamfutar da ke lissafa ragowar ƙarfin mai, kuma littafin ya ce ko me allon ya nuna kada a wuce shekara ɗaya ko kilomita 16,000. Wannan lambar kowa ke riƙewa. Amma da na ƙara buɗa shafuka sai na tarar da sashen da ke magana a kan yanayi na musamman. A can aka ce motar da ke aiki cikin ƙura ko yashi a yi mata juye duk kilomita 8,000 ko wata shida, kuma a riƙa duba filtar iska a kai a kai. Na ninke gefen shafin. Su a wurinsu ƙura yanayi ne na musamman, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ita muke shaƙa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na kai ta gareji don Baba, ogana, ya sa mata albarka. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa na buɗe bonet, ya karanta abin da ke kan murfin mai, sannan ya dube ni.

"Ɗana, wannan ruwan shayin za ka zuba wa inji mai fulogi takwas a zafin Gombe? Ka nemo 20W-50. Kuma kafin bazara a cire tamostat, a haɗa fanka dairek."

Baba ba da ka yake magana ba. A kan Peugeot 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna ya koyi aiki, kuma mai kaurin shi ne daidai da waɗannan injuna, musamman idan sun tsufa sun yi sako-sako. Hannunsa ya raya motocin da wasu suka yanke wa ƙauna. Don haka ban yi masa musu a gaban yara ba, sai da aka watse na zauna kusa da shi a kan benci.

Na ce, "Baba, ku duba, lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu ne lokacin da inji ke da sanyi. Ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. Cikin inji kuwa, ko a Mishigan ko a Tumfure, wajen digiri 90 zuwa 100 tamostat ke riƙe shi. Ranar da ke ƙona mu a waje ba ta kai rabin abin da man ke gani a ciki ba."

Na ƙara da cewa tsakanin ƙarafunan wannan injin a matse yake ƙwarai, kuma kamshaf ɗinsa huɗu da matsin mai suke sauya lokacin buɗe bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi. Mai kauri zai makara kafin ya kai can, musamman da safe, kuma a 'yan daƙiƙun farkon nan ne inji ya fi cin kansa. Idan kuma aka cire tamostat, inji ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke jikin silinda ya gangara cikin mai. Zafinmu yana da illa, ban musa ba, yana tsufar da mai da wuri. Maganinsa a matso da ranar juye, ba a ƙara kauri ba.

Ya yi shiru can, ya ce, "To, motarku ce. Amma ka riƙa jawo gejin duba baƙin mai duk mako." Wannan kam na karɓa hannu biyu.

Asabar, 7 ga Disamba

Kilomita 1,600 na farko littafin ya ce a bi ta a hankali, a riƙa sauya gudu, kada a takura inji. Mun yi Bauchi mun dawo, kusan kilomita 155 kowane zuwa. Yaya ke tuƙi, ni ina gefe idona a kan allo. Da muka wuce filin jirgi na Lawanti hanya ta miƙe, na ga ƙafarsa na neman nutsewa a kan totur. Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, saura kaɗan." Ya yi dariya ya sassauta. Daga Alkaleri zuwa gadar Dindima muka riƙa hawa da sauka tsakanin 70 da 110, domin ringin fistin ya zauna daidai a jikin silinda. Gudu iri ɗaya na tsawon awa ba ya taimaka masa.

Fetur kuwa mun tsayar da gidan mai ɗaya, ko da layi. Ban manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da man da metanol ya yi wa yawa ya shigo ƙasar nan, ya kwantar da motoci. Na jarka a bakin titi ba zai shiga tankin nan ba.

Mita: 812. Geji: cif a layin sama.

Alhamis, 26 ga Disamba

Mai ya iso daga Abuja: galan biyu masu lita biyar-biyar, sintetik, 5W-30, da alamar ingancin mai ta API SP a baya, da lambar amincewar Ford iri ɗaya da ta littafi. Na duba hatimin murfi, na duba lambar da aka buga a gindin galan. Filtar mai biyu, filtar iska huɗu. Kuɗin ya yi nauyi, Yaya ya biya bai ce komai ba.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Juyen farko, a kilomita 1,640.

Gaskiya ita ce littafin bai nemi wannan juyen ba. Ra'ayina ne. Sabon inji yana goge kansa a farkon rayuwarsa, kuma duk da filta na kama mafi yawan abin da ya goge, raina bai kwanta in bar man masana'anta ya kai mu bazara ba. Wani bakanike zai ce ɓarna ce, kuma yana da hujjarsa. Ni dai na ga kuɗin lita tara da rabi ba komai ba ne a kan kuɗin inji.

Shigar da ita kan rami ma aiki ne. Tana da ƙasa sosai, sai da muka jera katako biyu-biyu kafin haɓarta ta wuce bakin simintin. Na bar inji ya yi ɗumi, na kashe, na kwance notin ƙasa. Man ya fito ruwan zuma mai duhu, ba baƙi ba. Na tari kaɗan a farin faranti na fita da shi rana, na karkata shi. A ƙasan farantin akwai wani ƙyalli siriri, kamar an barbaɗa garin kwalli, sai ka juya farantin sannan za ka gan shi. Na kira Baba. Ya sa yatsa ya murza, ya kai kusa da ido, ya ce, "Wannan na sabunta ne. Babu tsakuwa." Na yanka tsohuwar filtar da zarto, na buɗe takardar ciki ninki-ninki kamar mafici. Babu gutsuren ƙarfe ko ɗaya.

Wajen ɗaura sabuwa na tabbatar robar tsohuwar ba ta manne a jikin inji ba, domin roba biyu a kan juna kan fashe a hanya, mai ya tsiyaye cikin minti kaɗan. Na shafa wa sabuwar robar mai da yatsa, na ɗaure da hannu kawai, ban sa sifana ba. Na zuba lita tara, na tayar, na leƙa ƙasa ko akwai yoyo, na kashe, na jira kamar minti 15 man ya sauko, sannan na cika sauran rabin a hankali ina jan geji. Daga nan na mayar da lissafin allo zuwa 100.

Muna gamawa wani yaro ya zo yana neman sayen galan ɗin da babu komai. Na san inda irinsu ke ƙarewa: a cika su da wani man, a manna murfi, su koma kasuwa. Ɗayan na huda gindinsa da sukudireba a gabansa. Na biyun da sauran rabin lita yana but. Tsohon man kuma na zuba a duro, ba a kwata ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Hazo ya sauko sosai makon nan. Da safe rana kamar farin faranti, mota kuwa ko a cikin rumfa ta kwana sai ka rubuta sunanka a kan bonet.

Wannan ƙirar tana da maƙogwaro biyu, akwatin iska ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da filtarsa. A lissafin littafi filtar iska kan kai kilomita 48,000 a wurin da babu ƙura. Namu a kilomita 2,300 sun riga sun koma ruwan ƙasa, ƙura ta cika tsakanin ninkin.

Kuma yau na ji haushi. Yaya ya kai ta wurin wanki jiya, wani yaro da niyyar kyautatawa ya ciro filtar hagu ya hure ta da iskar kwamfaresa. Yaya ya dawo yana yabonsa. Da na ɗaga filtar na saita ta da rana sai ga haske na ratsowa ta wurare uku, ƙanana kamar tsinin allura. Takarda ce, ba ta jure wannan iskar. Ƙurar hunturu kuwa garin yashi ce, ta fi ƙarfen inji tauri. In ta wuce filta sai ta bi ta jikin silinda ta shiga mai, man da ya kamata ya kare ƙarfe ya koma yana goge shi. Na naɗa farin ƙyalle a yatsa na shafa cikin bututun da ke bayan filtar. Ya fito da ɗan dishi-dishi, ba yawa. Kwana ɗaya kawai ta yi a haka, Allah ya taƙaita.

Na sauya duka biyun. Na roƙi Yaya, in za a wanke ta a wanke jiki, kada kowa ya buɗe bonet.

Litinin, 17 ga Maris

Azumi ya kai sha bakwai, zafi ya kai inda ya kai, da rana ana taɓa 40. Yaya ya tafi ƙauyuka sayen kaya da Hilux, Mustang ta yi kwana goma sha biyu a rufe. Da ya dawo kuma tafiyarta ba ta wuce daga gida zuwa wurin tafsiri, kilomita uku, sai a tsaya ana jiran wani da esi a kunne minti ashirin.

Da na jawo geji yau na kai hanci. Akwai ɗan warin fetur, kuma man ya ɗan haura layin da na bar shi. Mai ba ya ƙaruwa da kansa. Duk tayarwar sanyi akwai fetur da raɓa da ke sauka cikinsa, kuma sai inji ya yi zafi sosai na ɗan lokaci suke ƙonewa su fita. Kilomita uku ba ta isa. Nan na gane cewa hatsarin motar nan ba gudu ba ne, zama ne. Mutane na ganin motar tsere sai su ɗauka totur ke kashe ta, amma a garinmu irin waɗannan motoci sun fi yin rayuwarsu a rumfa, mita ba ta motsi, mai kuwa yana lalacewa.

Mun yi yarjejeniya: duk Asabar bayan asuba zan kai ta Dadin Kowa in dawo, kusan kilomita 40 kowane zuwa. Zai taimaki batir ma, da tayoyin da ke zama a wuri ɗaya. Iskar taya da sassafe nake aunawa, kafin kwalta ta yi zafi, bisa lambar da ke jikin ƙofar direba, ba wadda mai faci ya saba bai wa kowa ba.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi. Jiya muka je gaisuwa Kaltungo. A wani tudun rage gudu bayan Kumo cikinta ya gogi ƙasa, ƙarar ta shiga har raina. Da muka dawo na shiga ƙarƙashi da tocila: robar kariya ce ta kurje, kaskon mai lafiya, babu digo. Na nuna wa Yaya yadda zai riƙa hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Warin fetur a geji ya ragu tun da aka fara zuwa Dadin Kowa. Mita: 3,480.

Laraba, 11 ga Yuni

Bayan layya na tuna wa Yaya cewa wata mai zuwa juye. Ya kunna mota ya nuna mini allo: saura kashi 54.

"Auta, ita da kanta ta ce da saura. Ko kilomita 4,000 ba mu yi ba tun na Janairu. Abokina a Abuja shekara yake yi. Ka san nawa galan yake yanzu?"

Na san nawa yake, kuma ban ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa lissafi yake yi, har mai Mustang. Na ce masa, "Yaya, kwamfutar nan ba ta ɗanɗana man. Lissafi take yi da juyawar inji, da zafinsa, da tsawon lokacin da ya yi yana aiki a tsaye, da kwanakin da suka wuce. Lissafinta mai kyau ne, amma ba ta da idon ganin ƙura. Ba ta san an yi hazo a Fabrairu ba, ba ta san filta ta huje ba." Na ɗauko littafin na buɗe masa shafin da na ninke. Waɗanda suka ƙera kwamfutar su ne suka rubuta cewa mai zama cikin ƙura ya bi wata shida ko kilomita 8,000, duk wanda ya riga zuwa. Mu wata shidan ne zai riga.

Abin da ya ba ni wahala shi ne ta ɗaya gefen ma ana ja na. Baba na ganin duk ƙarshen wata ya kamata a yi juye, kamar yadda ake yi wa motocin haya na Tashar Dukku. Su kam suna cin dubban kilomita a wata, da man da ba sintetik ba, don haka daidai ne a gare su. A yi wa wannan haka kuwa, zubar da mai mai rai ne sau goma sha biyu a shekara, kuma duk kwance noti da ɗaure shi wata dama ce ta kuskure. Da wanda ya ce shekara da wanda ya ce wata, kowa motar wani wuri yake kallo.

Yaya ya karanta shafin sau biyu. Ya ce, "To, yi odar man."

Asabar, 12 ga Yuli

Juye na biyu, a kilomita 5,410. Wato 3,770 kawai man ya yi, cikin wata shida da kwana ɗaya. Allo na cewa saura 46.

Ya fito baƙi, ya fi na Janairu tsinkewa a tsakanin yatsu. Baƙin bai dame ni ba, mai mai kyau dole ya yi baƙi tunda datti yake ɗauka. A farin faranti ƙyallin nan na farko ya ɓace, kuma abin da na fi so in gani ke nan. Takardar filta tsaf. Tsakanin juye biyun inji bai sha abin da ya kai in ƙara masa ba, rabin litar nan tana nan a but. Wannan karon Baba da kansa ya riƙe mini mazurari, ya ɗaga galan ya karanta bayansa a hankali, bai ce komai a kan kauri ba.

Na duba ruwan lagireto da sanyin safiya, yana tsakanin layi biyu. Man birki garau, takalman birki da sauran nama sosai. Na sauya filtar esi, ta cika da ƙura da ɓawon dalbejiya. Filtocin iska na Fabrairu kuwa da sauransu, ruwan sama ya kwantar da ƙura. Na ƙwanƙwasa su a hankali a tafin hannu na mayar.

Damuwata yanzu damina ce. Motar na da ƙasa, iskarta daga gaba take shaƙa, kuma an san yadda ruwa ke gangarowa kan titunan Gombe in an yi mai ƙarfi. Na gaya wa Yaya in ruwa ya rufe kwalta har ba ya ganin ƙasa, ya juya, ko da gida na hango shi.

Na rubuta a takarda na manna a jikin ƙofa: juye na gaba Asabar 10 ga Janairu 2026, ko kilomita 13,400. Filtocin iska kuma zan sake buɗe su a makon farko na Nuwamba, kafin hazo ya sauko. Saura guda biyu a ajiye, sai na ƙara oda.